Shin Don Ladan Lahira Bayahude Yake Ibada?

Idan aka cire Aljanna da Wuta daga lissafi, Bayahude zai ci gaba da kiyaye ranar Asabar, da ƙaurace wa naman alade, da yin azumin Ranar Kaffara, ranar tubarsu ta shekara-shekara? Wannan tambaya ta riƙa dawowa a majalisun hira da kafofin sada zumunta tun da yaƙin Gaza ya ɓarke a Oktoban 2023, lokacin da mutanen da ba su taɓa damuwa da addinin Yahudu ba suka fara tofa albarkacin bakinsu a kansa. Wasu sun yanke hukunci nan take cewa Yahudawa ba su yarda da Lahira ba, duniya kawai suka sa a gaba. Wasu suka ce ai duk mai addini lada yake nema, su ma Aljannar suke yi wa tanadi kamar kowa. Kowane ɓangare ya kama wani yanki na gaskiya ya saki sauran. Rikicin Isra'ila da Falasɗinu maganarsa daban. Addinin kawai za mu duba a nan.

Abin da ya sa tambayar take mana nauyi shi ne yadda muka tashi. A wajen Musulmi, imani da Ranar Lahira yana cikin rukunan imani shida, yaro yana haddace su tun yana ajin farko na Islamiyya. Bahaushe Kirista ma rai madawwami ne jigon wa'azin da yake ji. Ko ruwa ka miƙa wa tsoho, abin da zai ce shi ne "Allah Ya ba da lada". Da wannan ma'aunin muke auna kowa, alhali Yahudanci ya jera kayansa ta wata fuskar.

Kalmomin da sai an fara gane su

Ta farko ita ce mitsba, jam'inta mitsbot, wato umarni. Malaman Yahudu sun ƙidaya umarni 613 a cikin Attaura: 248 na "yi", 365 na "bari". Tsarin dokokin da aka gina a kansu sunansa halakha, daga tushen kalmar Ibrananci mai nufin tafiya. Kada a rikita ta da halaka tamu ta Hausa. Ta fi kusa da abin da muke kira shari'a da fiƙihu.

Sai olam ha-ba, ma'anarta duniya mai zuwa. Akwai kuma Gan Eden da Gehinnom, waɗanda kunnen Bahaushe ba zai ji su baƙi ba, domin 'yan'uwan Aljannar Adnin da Jahannama ne a lafazi. Gehinnom asalinsa sunan wani kwari ne a kudancin tsohon birnin Ƙudus, Kwarin Hinnom. Ta ƙarshe, wadda duk maganar ta rataya a kanta, ita ce lishma: yin abu don kansa, ba da ƙwallafa rai a kan wani sakamako ba. Mafi kusa da ita a bakinmu shi ne ikhlasi, ko "don Allah" da muke cewa.

Me Attaura ta yi alkawari?

Wanda ya karanta littattafai biyar na Attaurar da ke hannun Yahudawa a yau yana neman siffar Aljanna da Wuta, zai gama bai same ta a fayyace ba. Akwai alkawarin sakamako da yawa, amma kusan duka na nan duniya ne, kuma ga al'umma baki ɗaya. In kun bi umarni, ruwan sama zai sauka a kan kari, za ku tara hatsi da inabi da mai, dabbobinku za su ƙoshi, za ku zauna lafiya a ƙasarku. In kun bijire, sama za ta rufe, ƙasa ta hana amfani, abokan gaba su kore ku. Wannan sashe na ruwa da fari yana cikin addu'ar Shema da mai ibada yake karantawa safe da dare har gobe. Umarnin girmama iyaye ma ladansa da aka ambata shi ne tsawon rai a ƙasa.

Matattu kuwa, tsofaffin littattafan Ibrananci suna cewa sun gangara Sheol, wani wuri mai duhu da shiru da ba a bambanta nagari da mugu a cikinsa sosai ba. Daga nan masu cewa "ba su yarda da Lahira ba" suka samo hujjarsu, kuma ba daga iska suka ɗauko ta ba.

Sai dai tushen wajabcin dokar a Attaura alkawari ne. Allah Ya fitar da Bani Isra'ila daga bautar Fir'auna, Ya ƙulla yarjejeniya da su a Dutsen Sina'i, suka amsa da cewa za su aikata kuma za su saurara. Malamansu sun daɗe suna jan hankali a kan cewa aikatawa ce ta zo kafin sauraro a wannan amsa. Bayahude mai ibada yana ganin an haife shi ne ya tarar da alkawarin a wuyansa, kamar yadda ɗa yake tarar da amanar gidansu. Ko an faɗa masa ladan ko ba a faɗa ba, bashin yana kansa.

Yadda tashin matattu ya samu gindin zama

Wuri mafi bayyana da aka ambaci tashin matattu a littattafan Ibrananci shi ne babi na 12 na littafin Daniyel: da yawa daga masu barci a cikin ƙurar ƙasa za su farka, wasu zuwa rai na har abada, wasu zuwa kunya ta har abada. Mafi yawan masana tarihi suna danganta wannan sashe da wajen shekara ta 165 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), zamanin da sarkin Girkawan Sham, Antiyokus na huɗu, ya haramta kaciya da kiyaye Asabar, ana kashe wanda ya ƙi bari. A nan tsohon lissafin ya cije. In biyayya tana kawo tsawon rai, me za a ce da wanda biyayyar ce ta jawo masa kisa?

Ba kowa ya karɓi amsar ba. Yahudawa sun rabu a kanta har tsawon ƙarnuka biyu, musamman manyan ƙungiyoyinsu biyu, Farisiyawa da Sadukiyawa. Farisiyawa sun ce akwai tashin matattu da hisabi. Sadukiyawa, waɗanda yawancinsu manyan firistocin Haikalin Ƙudus ne, sun ce babu. Masanin tarihin nan Bayahude, Yosifus, ya rubuta wannan saɓani, Sabon Alkawari ma ya ambace shi. Abin lura shi ne Sadukiyawan nan ba 'yan holewa ba ne. Su ne masu yanka hadaya da kiyaye tsarki a wuri mafi alfarma a addinin, kuma suna yi ba tare da sa ran komai bayan kabari ba.

Rumawa sun rushe Haikalin a shekara ta 70 Miladiyya, Sadukiyawa suka ɓace tare da shi. Yahudancin da ya wanzu na magadan Farisiyawa ne. Da aka tattara Mishna, kundin dokokin da malamansu suka gada ta baki, wajen shekara ta 200, sai aka rubuta a sarari cewa dukan Isra'ila suna da rabo a duniya mai zuwa, aka kuma lissafa waɗanda ba su da shi. Na farkonsu shi ne mai cewa tashin matattu ba shi da tushe a Attaura. Aka sa yabon Allah a matsayin Mai rayar da matattu cikin addu'ar tsayuwa, Amida, wadda ake yi sau uku a rana.

Mai karatun Alƙur'ani yana da shaida a hannunsa. A Suratul Baƙara aya ta 80 da Ali Imrana aya ta 24 an kawo da'awar Yahudawa cewa wuta ba za ta taɓa su ba sai 'yan kwanaki ƙididdigaggu, aka kuma ƙalubalance su a kai. Wanda bai yarda da wuta ba ai ba zai tsaya ƙidaya kwanakinta ba. A Mishna kuwa an ce hukuncin mugaye a Gehinnom wata 12 ne, kuma a ra'ayin da ya fi yaɗuwa a tsakaninsu wurin tsarkakewa ne ga yawancin mutane, ba gidan dawwama ba.

Bara da ubangida, yaro da tsuntsuwa

Malaman da suka tabbatar da Lahira su ne kuma suka fi kowa gargaɗi a kan yin ibada dominta. A sashen Mishna da ke tattare da hikimomin magabata, an ruwaito Antigonus mutumin Soko yana cewa kada ku zama kamar barorin da ke yi wa ubangidansu hidima don a ba su tukwici. Ku zama kamar masu hidima ba don tukwici ba, tsoron Allah kuma ya kasance a kanku. Wata tsohuwar ruwaya ta ce almajiransa biyu, Sadok da Boyetus, sun juya maganar, suka ce da akwai lada a gaba da malam bai faɗi haka ba, daga nan ƙungiyoyin masu musun tashin matattu suka samo asali. Ko ruwayar tarihi ce ko darasi, tana nuna malaman sun san maganar tana da kaifi biyu, amma ba su goge ta ba. Wani malamin, Ben Azzai, ya ce ladan mitsba shi ne wata mitsbar.

Labarin da ya fi taɓa ni a wannan babi yana cikin Talmud, babban sharhin da malamansu suka yi wa Mishna. Cikin umarnin da Attaura ta haɗa da alkawarin tsawon rai a fili akwai waɗannan biyu: girmama iyaye, da korar uwar tsuntsu kafin a ɗebe 'ya'yanta daga sheƙa. Uba ya ce wa ɗansa ya hau gini ya ɗebo masa 'yan tsuntsaye. Yaron ya hau, ya kori uwar kamar yadda aka umarta, ya ɗebo, yana saukowa ya faɗo ya mutu. Umarni biyu a aiki ɗaya, duka masu alkawarin tsawon rai, ga gawa a ƙasa. An ce irin wannan ne babban malami Elisha ben Abuya ya gani ya bar addinin, har malamai suka daina kiran sunansa, suna ce masa Aher, wato "wancan". Jikansa, Rabbi Yakub, ya kalli matsalar ya ce babu ladan mitsba a wannan duniya, tsawon ran da ake nufi na duniyar da ba ta ƙarewa ne.

Shi wannan Rabbi Yakub ne aka ruwaito yana kwatanta duniya da zaure, Lahira da babban ɗakin liyafa: ka kimtsa a zaure kafin ka shiga. Nan take kuma ya ƙara da cewa sa'a ɗaya ta tuba da aikin kirki a duniya ta fi dukan rayuwar Lahira, sa'a ɗaya ta natsuwar Lahira kuma ta fi dukan rayuwar duniya. Magana biyu masu karo da juna a baki ɗaya, kuma da gangan. Daɗi yana can, amma damar aikata umarni a nan kawai take. Mamaci ba ya ciyar da maraya.

Ba su kuma rufe ƙofa ga mai neman lada ba. Ƙa'idar da aka ruwaito daga Rab, babban malamin Babila na ƙarni na 3, ita ce mutum ya riƙa karatu da aiki ko da niyyarsa ba ta tsarkaka ba, domin daga yi don wani abu ake kaiwa ga yi don Allah.

Musa bin Maimun da alewar makaranta

Wanda ya tsara wannan duka shi ne Musa bin Maimun, da Turawa ke kira Maimonides. An haife shi a Ƙurɗuba ta Andalus, ya zauna a Fas, ya ƙare a Masar yana likita a fadar gidan Salahuddin al-Ayyubi, ya rasu a 1204. Yawancin littattafansa da Larabci ya rubuta su, da haruffan Ibrananci. Shi ya jera aƙidoji 13 na Yahudanci, uku na ƙarshe su ne sakamako da azaba, zuwan Almasihu, da tashin matattu. A wajensa wanda ya musanta su ya fita daga jama'a.

A wurin da ya jera aƙidojin nan ne kuma ya kawo misalin yaro da malaminsa. Yaro ƙarami bai san darajar karatu ba, sai a ce masa karanta in ba ka goro ko ɓaure ko zuma. (Goron nasu irin na ƙasashen Larabawa ne mai ɓawo, mu alewa za mu ce.) Ya ɗan girma, sai a ce za a saya masa takalmi da riga. Ya ƙara girma, sai kuɗi. Daga baya a ce masa karanta ka zama malam ko alƙali, mutane su miƙe in ka shigo. Duk matakan nan, in ji shi, dabara ce ta dole saboda ƙarancin hankali. Manufa ita ce mutum ya yi gaskiya don ita gaskiya ce, alherin kuma ya biyo baya da kansa. Lahirar da ya siffanta ma ta rayuka ce ba jiki, babu ci babu sha, sai jin daɗin sanin Allah. Hakan ya sa aka zarge shi da musun tashin jiki, har ya rubuta wata risala a 1191 yana kare kansa. Nahmanides, malamin Yahudu na garin Girona a Sifen, wanda ya zo bayansa, ya saɓa masa, ya ce sakamakon ƙarshe jiki da rai ne tare.

Wanda ya zauna da mutanen ɗariƙa zai ji wannan ba sabon abu ba ne. Addu'ar da ake jinginawa ga Rabi'atul Adawiyya ta Basra, cewa in don tsoron wuta take bauta a ƙona ta, in don kwaɗayin Aljanna a haramta mata, hanya ɗaya suka bi. Ba haɗuwar tsautsayi ba ce gaba ɗaya: Bahya ibn Baƙuda, malamin Yahudu na Andalus a ƙarni na 11, ya rubuta littafinsa kan wajiban zuciya da Larabci, yana ɗibar hikima daga sufayen Musulmi.

Kada a ɗauka kowa ya bi Bin Maimun. Moshe Hayim Luzzatto, a littafin tarbiyyarsa da aka buga a Amsterdam a 1740, wanda ake karantawa a makarantun addini har yau, ya buɗe ne da cewa an halicci mutum don ya ji daɗin kusanci da Allah, kuma wurin wannan daɗi shi ne duniya mai zuwa. Masu ilimin ɓoye na Kabbala, musamman almajiran Ishaƙ Luriya na garin Safad a ƙarni na 16, sun ƙara da aƙidar dawowar rai cikin wani jiki don ya cike umarnin da ya bari, abin da babban malaminsu Sa'adiya Ga'on ya yi watsi da shi tun ƙarni na 10. Babu wata majalisa da ta taɓa zama ta tsayar da siffar Lahira guda ɗaya. Yadda ake yanka, ko lokacin da Asabar take shiga, nan ne za ka ga an bi dalla-dalla har da mintoci.

Rabuwar kai ta zamani

A Nuwamban 1885 malaman ɓangaren masu kawo gyara, da ake kira Rifom, suka taru a birnin Pittsburgh na Amurka suka fitar da matsaya: sun yarda rai ba ya mutuwa, amma sun yi watsi da tashin jiki, da Gehinnom da Eden a matsayin gidajen azaba da ni'ima. Suka canza lafazin addu'ar "Mai rayar da matattu". A littafin addu'arsu na 2007 kuma sai ga tsohon lafazin ya dawo a matsayin zaɓi. 'Yan Otodoks, masu riƙo da halakha yadda aka gada, ba su taɓa taɓa shi ba. A cikinsu ne aka samu Yeshayahu Leibowitz, masanin kimiyya na Jami'ar Ibrananci da ke Ƙudus wanda ya rasu a 1994, mutum mai tsananin kiyaye doka, da yake ganin duk ibadar da aka yi don biyan wata buƙatar ɗan'adam, ta duniya ko ta Lahira, bautar kai ce aka yi wa riga.

Alƙaluma suna nuna yadda abin yake a ƙasa. Binciken cibiyar Pew na 2014 ya samu kashi 40 cikin ɗari na Yahudawan Amurka sun yarda da Aljanna, kashi 22 sun yarda da Wuta. A wani binciken nata na 2020, kashi 26 ne kawai suka ce sun yarda da Allah kamar yadda littafi ya siffanta Shi, amma kashi 62 sun halarci liyafar daren Idin Ƙetarewa na tunawa da fitowarsu daga Masar, kashi 46 sun yi azumin Ranar Kaffara, cikakke ko wani ɓangarensa. Masu yin aikin sun fi masu aƙidar yawa nesa ba kusa ba, abin da zai yi wuya Bahaushe ya fahimta, tunda a wajenmu wanda bai yi imani ba azuminsa yunwa ce kawai. Amma Yahudanci addini ne kuma dangi ne. Wanda uwarsa Bayahudiya ce Bayahude ne a halakha ko me yake ɗauke da shi a zuciya.

Sai dai akwai ɗaya gefen da masu cewa "aiki kawai, ba ruwan aƙida" suke tsallakewa. A binciken na 2020, kashi 17 ne kawai suke kiyaye dokokin abinci a gida, alhali a cikin 'yan Otodoks sun haura kashi 90. Liyafar shekara-shekara da dangi tana iya rayuwa da al'ada kaɗai. Raba tukwanen nama da na madara kullum, da ajiye waya da mota na sa'o'i 25 duk mako don kiyaye Asabar, wannan kam galibi sai wanda ya yarda akwai Mai umarni. A ganina nan ne amsar take: abin da ke riƙe da cikakkiyar ibadar Bayahude shi ne yarda cewa Allah ne Ya yi umarnin, kuma masu wannan yardar kusan duk sun yarda da Lahira ma, ko da ba ita suke ambata ba in ka tambaye su dalili.

Inda abin yake taɓa mutane

Na farko, shi ya sa ba ka ganin Bayahude yana bi gida-gida yana kiran mutane addininsa. Ra'ayin da ya rinjaya tun zamanin Rabbi Yoshuwa, ɗaya daga malaman Mishna, wanda Bin Maimun ya tabbatar, shi ne salihan sauran al'ummai suna da rabo a duniya mai zuwa in sun kiyaye dokoki bakwai na 'ya'yan Nuhu, irin su haramcin shirka da kisa da zina da sata, da wajabcin kafa shari'ar adalci. Umarni 613 nauyi ne a kan Bani Isra'ila, ba tikitin shiga ba. Mai son shiga addinin ma bisa al'ada sai an fara sanyaya masa gwiwa a ga ko da gaske yake.

Na biyu, a wajen mutuwa. Ana wanke gawa, a sa mata farin likkafani marar ado, a gaggauta binnewa, 'yan Otodoks kuma ba sa ƙona gawa. Masu wannan hidima ƙungiya ce ta sa kai, kuma sunan da ake kiran aikinsu da shi yana nufin alheri na gaskiya, domin wanda aka yi wa ba zai taɓa ramawa ba. Iyalai suna zaman makoki na kwana bakwai, sannan sassauci zuwa kwana 30. Ɗa kuma yana zuwa majami'a kullum ya karanta wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa addu'ar Kaddish a cikin jam'in aƙalla mutum goma. Addu'ar da harshen Aramiyanci take, girmama sunan Allah ce da roƙon zaman lafiya, nau'in da masu makoki ke karantawa bai ambaci mutuwa ko mamacin ba ko sau ɗaya. Ana yin ta wata 11, a tsaya saura wata ɗaya, domin cika 12 tamkar ɗa ya shaida cewa mahaifinsa yana cikin mugayen da sai sun cinye wa'adinsu a Gehinnom. A sahun masu karantawar akwai wanda ya yarda kowace kalma tana ɗaga ran mahaifinsa, a gefensa kuma akwai wanda bai yarda akwai Gehinnom ba, ya zo ne don haka mahaifin nasa ya yi wa kakansa, kuma ana ƙidaya shi cikin goman.